Kibiya Ɗaya da Muryar Inna Kaltuma

Duk wanda ya bi layin teloli a Briqueterie, unguwar Yaoundé da ake kira Brik, ya wuce shagon Alhaji Idris mai ɗinkin manyan riguna, zai ga wata 'yar ƙofa shuɗiya wadda hayaƙin masu suya ya mayar da rabinta baƙa. A ciki akwai tebur, da fanka mai kuka, da tsofaffin kwamfutoci, da wani siririn mutum mai tabarau da ya tasa baƙin allo a gaba yana ta bugu. Wannan shi ne Baha'uddeen, wanda unguwa ke kira Injiniya, ko da yake babu makarantar da ta ba shi sunan. Alhaji Idris ne ya raɗa masa don tsokana, sunan kuwa ya bi shi har ya daina jin tsokanar da ke ciki.

Yana ƙarami mahaifinsa ya taho da shi Yaoundé daga Tibati, bayan rasuwar mahaifiyarsa. Uban ɗan kasuwar yadi ne, ya so ƙwarai ɗansa ya gaje shi, amma Baha sai ka miƙa masa shadda ta gaske da ta bogi ya shafa su duka ya ce ma sha Allah. Da uban ya gaji, sai ya sake shi ya nemi abin da zai iya. A lokacin gidajen intanet sun cika gari, Baha ya samu aiki a wani a unguwar Elig-Edzoa. Mai wurin ya sayo tsofaffin kwamfutoci daga Douala, ɗaya daga ciki ta zo da wata baƙuwar manhaja mai suna Linux, ba wanda ya gane kanta, aka tura ta lungu aka ɗora mata butar shayi. Baha ya sauke butar, ya zauna da ita wata da watanni, har ya koyi yi mata magana ta baƙin allon nan da ake rubuta umarni. Tun daga nan ya raina linzamin kwamfuta da duk mai riƙe shi. A wurinsa, mutumin da ke nuna wa na'ura abu da ɗan yatsa bai gama koyon magana ba.

Da wayoyi suka zo suka kashe gidajen intanet, sai ya buɗe shagonsa. Yana buga katin biki, yana juya tsofaffin kaset su koma cikin waya, yana ceto hotunan da aka goge bisa kuskure. Aikinsa yana da kyau, wannan ba mai musu. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya iya miƙa maka kayanka ba tare da ya haɗa maka da darasi ba.

Darasin kuwa kusan kullum guda ne. Kowace manhaja, in ji shi, baki biyu gare ta: ɗaya na faɗin sakamakon aiki, ɗaya na ƙorafi. In ka ƙyale su, duka biyun a kan allo za su zube, su wuce, ka rasa. Amma in ka rubuta alamar nan `>` wadda yake kira kibiya, ka bi ta da sunan fayil, to ka karkatar da maganar ke nan, ba za ta fito a allo ba, cikin fayil ɗin za ta shige ta zauna. Daga nan sai ya ɗaga yatsa, don an zo wurin da ya fi so. Kibiya ɗaya, in ta tarar da wani abu a fayil ɗin, zubar da shi take yi tukuna, kamar mai wanke ƙwaryar kunun jiya kafin ta zuba na yau. Kibiya biyu kuwa, `>>`, ɗorawa take yi a kan abin da ta tarar. Ya faɗi wannan ga 'yan makaranta, ya faɗa wa masu acaɓa, ya taɓa faɗa wa wata tsohuwa da ta zo neman hoton jikarta kawai, har ta yi gyangyaɗi a tsaye.

Bakin ƙorafin kuma yana da nasa magani. Akwai wani wuri a na'urar da duk abin da ka tura can ya tafi ke nan, Baha yana kiransa rami. Can yake tura duk wani gunagunin manhaja, don shi mutum ne mai son allo tsaf. Alhaji Idris ya taɓa leƙowa ana saura kwanaki Sallah, masu ɗinki sun cika masa shago da faɗa, ya ce, “Injiniya, don Allah ara mini ramin nan naka zuwa bayan Idi.”

Sai ɗabi'arsa ta ƙarshe, wadda ya fi alfahari da ita: ba ya rubuta umarni sau biyu. Akwai maɓallin da ke dawo da umarnin da ka bayar a baya, ka danna shi, ka danna na zartarwa, shi ke nan. Yakan ce mai sake rubuta abin da na'ura ta riga ta haddace yana ɓata wa kansa yatsu ne.

To, mutumin nan mai amsar kowace tambaya yana da tasa tambayar da ya kai shekara arba'in da 'yan kai yana ɗauke da ita, bai taɓa furta ta ba. Bai san mahaifiyarsa ba. Sunanta Lailatu, ta rasu yana tatata, babu hotonta ko ɗaya. Shi ne ɗanta na fari, shi ne kuma na ƙarshe. Mahaifinsa har ya koma ga Allah bai taɓa zama ya ba shi labarinta ba. Abin da ya tsinta a bakin dangi bai wuce jimla ɗaya ba, kullum kuma da sigar yabo ake faɗarta: “Lailatu ai kunya gare ta. Ko kallonka ba ta yi, har ta rasu ba wanda ya ji ta kama sunanka.” Ya san al'ada ce, uwa ba ta nuna ɗan fari, ba ta kiran sunansa. Ya sani sarai. Amma sanin bai hana shi, tun yana yaro, kwanciya da tunanin ko matar nan ta so shi ba. Yana jin kunyar tambayar, yana kuma tsoron amsarta.

Mutum ɗaya ce ta rage a duniya da za ta iya amsawa, ita ce Inna Kaltuma, yayar mahaifiyarsa, wadda ta zauna da ita lokacin jego. Tana can Tibati, shi kuwa in ya je gaisuwa ba ya wuce kwana biyu, ɗaki cike da mutane, daga “ina gajiya” sai “a gai da mutan Brik.”

A daminar bara yanar ido ta matsa wa Inna, aka ce sai an yi mata aiki a Yaoundé, ido ɗaya tukuna, in ya warke a yi ɗayan. Ta sauka a gidan Baha da buhun garin masara da kuka da daddawa, kamar an gaya mata babu abinci a babban birni. Matarsa Salwa, mai sayar da atamfa a kasuwar Mokolo, ta gyara mata ɗakin baƙi. Likita ya ce za ta yi makonni, kada ta sunkuya, kada ta shiga hayaƙi, kada ta yi kuka. Inna ta ce na farko da na biyu ta ji, na ukun kuma ba a hannunta yake ba.

Baha ya yi kwanaki yana kewaye-kewaye. Ran nan bayan karin kumallo ya shigo da wata tsohuwar kwamfutar hannu da makirfo, ya tsuguna, ya ce, “Inna, ina so ki riƙa ba da labarin gida. Na kakanni, da yadda aka zo Tibati, da kowa da kowa. Saboda yarana, su Najib, kada su tashi ba su san asalinsu ba.”

Inna ta juyo da idonta mai ɗan dama-dama ta dube shi. “Kowa da kowa?”

“Kowa da kowa, Inna.”

“To, na ji. Saboda su Najib.”

Ta gane, shi ma ya san ta gane. Mutum mai hankali da sai ya jawo tabarma ya zauna. Amma Baha ya riga ya tsara abinsa: zai kunna na'ura ya tafi shago, ita ta yi maganarta a sake, in ta koma Tibati sai ya kulle ƙofa ya saurara shi kaɗai, inda ba mai ganin fuskarsa. Ya gaya wa Salwa wai tsofaffi sun fi sakin baki in ba kowa. Salwa ta ce, “Baban Najib, ni dai ban taɓa ganin tsohuwar da ke son hira da tebur ba.” Ya ce ba za ta gane ba, harka ce ta fasaha.

Ya rubuta umarninsa mai kyau, dogo, irin wanda yake so a gani. Manhaja ɗaya ta ɗauki sauti daga makirfo, ta miƙa wa ta biyu ta matse shi, sannan a zuba a fayil guda mai suna inna, ya yi ta tsawo kullum har ya zama dogon labari ɗaya. Ya sa ta tsaya da kanta bayan kamar sa'a guda. Ƙorafi kuma ya tura rami, kamar yadda ya saba. Da ya zo wurin kibiya, sai ya sa ɗaya. A ranar farko wannan ba laifi ba ne, fayil ɗin sabo ne, babu abin zubarwa. Ya ce a ransa gobe zai mayar da ita biyu.

Washegari ya makara, wani ango na jiransa a shago da katin biki, Najib ya ɓatar da takalmin makaranta. Baha ya buɗe kwamfutar, yatsansa ya tafi inda ya saba, ya dawo da umarnin jiya, ya zartar. Ya ce, “Bismillah, Inna,” ya fice. Kafin ya kai bakin ƙofa labarin jiya ya riga ya tafi.

Kada a ce bai duba aikinsa ba, yana dubawa, har da taƙama. Kullum in ya dawo cin abincin rana sai ya sa abin ji a kunne, ya ba da umarni a yanko masa kan fayil ɗin kaɗan ya saurara, sannan a yanko wutsiyarsa. Tsakiyar ce ba ya taɓawa, don nan abin da yake tsoro yake. Inna Kaltuma kuwa mace ce mai tsari. Kowace safiya, in gida ya watse, Salwa ta tafi kasuwa, yara sun tafi makaranta, sai ta gyara zama, ta yi gyaran murya sau biyu, ta ce, “Da sunan Allah. Ni ce Kaltuma 'yar Malam Abdulmajid, ta Tibati. Baha, kana ji na?” Ba ta taɓa sauya ko kalma ɗaya ba. Saboda haka in ya saurari kai, sai ya ji wannan, ya ce ga ranar farko nan daram. In ya saurari wutsiya, sai ya ji sallamar yau. Kai yana nan, wutsiya tana nan, sai ya rufe na'ura ya wanke hannu ya hau tuwo da kwanciyar hankali.

Har shago ya kai labarin. Ya gaya wa Alhaji Idris cewa yana gina abin da jikokin jikokinsa za su saurara. Alhaji Idris, da allura a baki, ya ce, “Kai ka saurara?” Baha ya ce ai yana nan a ajiye, ba inda za shi.

Haka aka yi ta tafiya. Aka yi aikin ido na farko, ya warke, aka yi na biyu. Inna ta bi zuriya tun daga kakan da ya taso daga ƙasar Kano da fataucin goro, ta bi aure-aure da rabe-rabe, da shekarar da gobara ta cinye unguwa, da wanda ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba. Kowace safiya Baha na share na jiya da bismillarsa. Wani abu ɗaya da ya lura da shi, in ya shigo da rana Inna takan bi shi da kallo, kamar mai jiran ya ce wani abu. Shi kuwa sai ya tambaye ta ko ta ɗiga maganin ido.

Wata Laraba ya dawo ya tarar da ita zaune, idon da aka yi wa aiki ya yi ja, gefen mayafinta a jiƙe. Salwa, wadda ta riga shi dawowa, tana ta faɗa a hankali, wai likita ya hana. Inna ta ɗaga mata hannu, ta dubi Baha ta ce, “Yau na faɗi wanda kake nema. Na faɗe shi sau ɗaya, ba kuma zan sake ba, don da ƙyar ya fito.”

Ya ce, “Na gode, Inna,” muryarsa kamar ta wani. Ranar ko kai da wutsiyar bai iya saurara ba. Ya shafa murfin kwamfutar kawai, yana jin daɗi da tsoro a haɗe, ga amsar tambayarsa a cikin akwati, tana jiransa. Ya yini a shago yana buga sunan amarya a wurin na ango. Da gari ya waye ya buɗe na'ura, ya danna maɓallansa guda biyu, ya tafi aiki.

Ranar da Inna za ta koma, motarta ta rana ce. Da safe Baha ya ɗauki kwamfutar ya tafi da ita shago, don ya juye labarin a ɗan katin waya ya ba ta ta kai wa dangi tsaraba. Ya ba da umarnin kwafa, ya miƙe zai sa ruwan shayi, don ya san aikin makonni zai ɗauki lokaci. Bai kai ga butar ba aka gama.

Ya dawo ya zauna. Ya tambayi na'ura girman fayil ɗin, abin da bai taɓa yi ba tun da aka fara. Ta nuna masa ɗan abin da bai fi na zama ɗaya ba. Ya dawo da umarnin, wannan karon ya karanta shi tun daga farko har ƙarshe, a hankali, kamar wani ne ya rubuta. Ga ta nan kusa da ƙarshe, kibiya ɗaya tilo, tana nuna sunan Inna.

Ya sa abin ji ya saurari fayil ɗin dukansa. Na jiya ne kawai. Labari ya riga ya ƙare mata, don haka ta cika sa'arta da ra'ayinta game da Yaoundé: ruwan sama ba ya sallama, jar laka ta ɓata mata takalma, suyar Brik yaji ya yi mata yawa, Salwa yarinyar kirki ce amma tana cika wa miyar kuka ruwa. Daga nan ta yi addu'a ga kowa, ta yi hamma, ta tambayi ɗakin ko wani ya ga carbinta.

Mutumin da ya ceto hotunan rabin unguwa ya tuɓe hula ya shiga ceton nasa. Ya saki duk manhajojin da ya sani su tone cikin na'urar. Amma abin da aka goge daban, abin da aka yi ta rubutu a kansa kullum daban. Ya samo gutsattsari: tari, carar zakaran maƙwabta, wani wuri da Inna ke cewa “to shi wannan Khalifa ba ɗan Fa'iza ba ne,” sai ƙara. Na ranar Laraba ko numfashi bai samu ba.

Alhaji Idris ya ji fanka kaɗai ke magana a shagon maƙwabcinsa, abin da bai saba ba, ya leƙo. Baha ya nuna masa allon, ya ce, “Kibiya ɗaya na sa.”

Shekara da shekaru Alhaji Idris na shan darasin nan ta cikin bango, don haka bai buƙaci ƙarin bayani ba. Ya buɗe baki, kuma Allah ya sani tsokanar da ta zo masa a lokacin ta isa a yi shekara ana maimaita ta a layin teloli. Sai ya dubi fuskar Baha, ya haɗiye abarsa. Ya ce, “Mon frère, ɗan'uwana, tsohuwar ta tafi ne?”

“Sai da rana.”

“To me kake yi a nan?”

Bai iya faɗa a gida ba, ana ta ɗaure kaya, maƙwabta na shigowa sallama. Bai iya faɗa a tasi ba, Salwa na gaba, shi da Inna da buhun tsaraba a baya. Sai da suka isa tashar motocin arewa ta wajen Etoudi, aka auna kaya, Salwa ta tafi sayo mata burodi da ruwa, suka rage su biyu a kan benci. Wuri ya cika da hayaniya, masu lodi na ihu da Fulatanci da Faransanci, ana kora wasu shanu a bakin titi zuwa kasuwa.

Ya fara da darasi, don ita ce hanyar da ya sani. Ya ce akwai kibiya ɗaya, akwai kibiya biyu. Inna ta saurara har ya kai wurin ƙwaryar kunu, sannan ta ce, “Baha, idona aka gyara, ba kaina ba. Faɗi abin da ya faru.”

“Babu komai a ciki, Inna. Duk abin da kika faɗa ya goge. Ni na goge shi da hannuna, kullum da safe, ban sani ba.”

Ta bi shanun da kallo da sababbin idanunta. Can ta ce, “To ai ba komai, tun da kai ka ji.”

Ya sunkuyar da kai.

“Ba kana can shago kana ji ta waya ba? Na ga igiya ta fito daga abin ta shiga bango.”

“Ta wuta ce, Inna.”

“To da wa nake magana duk kwanakin nan?”

Ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, “Ba kowa.”

Inna Kaltuma ta tafa hannu a hankali, ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. “Ni kuwa kullum in ka shigo ina duban fuskarka, in ga ko gezau. Ran Laraba na ce yau dai zai yi magana, sai ka ce mini na gode, kamar na miƙo maka goro. Na ce a raina wannan yaro ya fi uwarsa zurfin ciki. Ashe tebur na yi wa kuka, har Salwa ta yi mini faɗa a banza.”

“Ki yafe mini. Tsoro nake ji, shi ya sa ban zauna ba.”

“Tsoron me?”

Bai taɓa faɗa wa kowa ba, ga shi zai faɗa a tashar mota, kusa da wata mata mai ɓare gyaɗa. Ya ce, “Kowa cewa yake ko kallona ba ta yi. Ina tsoron ki ce haka ne.”

Aka fara kiran fasinjoji. Mutane suka miƙe, aka shiga turereniya a bakin mota. Inna ba ta motsa ba. Hannun Baha ya tafi aljihu wurin wayarsa, don hali ba ya barin mutum a rana ɗaya, sai ta ɗora nata hannun a kai ta danne.

“Na ce ba zan sake ba, kuma dogon ba zai sake fitowa ba, ya tafi. Ga gajeren, ka buɗe kunnenka.” Ta gyara mayafi. “Haka ne, a gaban mutane ba ta kallonka. In an miƙo mata kai sai ta kau da fuska, in ka yi kuka sai an yi mata magana sau uku. Tsofaffi suna ta yabonta. Amma a ɗakin jego asabari ne kawai tsakanina da ita. Da hantsi, in mata sun watse, ta ɗauka na tafi rafi, sai in ji ta jawo ka. Ta yi ta ƙirga yatsunka, tana gaya maka wai hancinka na gidanmu ne, ba na su ubanka ba. Sannan ta kira sunanka. Ba Baha ba, ita ba ta gutsure shi, dukansa take faɗa, ta sake, ta sake, kamar mai tsoron kada ya ƙare. Ran da ta gane ina ji, ta kama ƙafata ta ce in rufa mata asiri. Da ciwon ya kwantar da ita, ta daina gane mutane, sunan bai ɓace mata ba.”

Baha ya cire tabarau, ya rasa abin da zai yi da shi. Bai damu da mai gyaɗa ba, bai damu da masu lodi ba, hawaye kawai ke zuba, yana jin wani nauyi da ya manta yana ɗauke da shi yana sauka. Salwa ta dawo da burodi, ta hango su, ta tsaya daga nesa.

Yaron mota ya buga jikin motar, ya ce saura mutum ɗaya. Baha ya kama hannun Inna ya kai ta bakin ƙofa. Ta ɗora ƙafa a matakala, tana cewa ya goge fuska, ƙato da shi, kada a ce ta dake shi. Bai saki hannun ba.

“Inna, yaya take faɗarsa?”

Direba ya danna oda. Tsohuwar ta dube shi, ta sunkuyo duk da likita ya hana, ta rage murya ta mayar da ita siririya irin ta ƙanwarta, ta ja tsakiyar sunan kamar yadda ake lallashin jariri, ta faɗa masa a kunne sau ɗaya. Da furfura a gemunsa, a bakin motar Tibati, Baha'uddeen ya ji yadda mahaifiyarsa ke kiransa.